Awon maniyyina ya nuna ƙaranci: in yi allurar testosterone ko in ƙara aure?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, shekarata 34. Shekararmu biyar da aure, iyalina ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An kai ta wajen malamai, an kai ta asibiti, aka ce lafiyarta lau. Da ƙyar na yarda na yi awon maniyyi. Takarda ta nuna ƙwayoyi miliyan 9 a kowace mililita, masu motsi kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ni da wata matsala a shimfiɗa. Wani abokina ya ce in yi allurar testosterone, Inna kuma ta matsa in ƙara aure. Ba zan ɓoye maka ba, ina shan tramol idan aiki ya yi yawa, kuma ina yaro a ƙauyenmu na yi fitsarin jini. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka yarda a yi maka wannan allura, ko sau ɗaya, muddin haihuwa kake nema. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma testosterone, wato sinadarin mazantaka, idan aka tsira ta daga waje tsayar da ƙwayoyin haihuwa take yi, har ɗan abin da ya rage maka ma sai ta tafi da shi. Zan dawo kan dalilin. Sannan ka kwantar da hankalinka, takardar da ke hannunka ba ta ce ba za ka haihu ba. Cewa ta yi akwai rauni, kuma a cikin ƴan layukan da ka rubuto na ga abubuwa uku ko huɗu da kowannensu zai iya kawo irin wannan rauni, kusan dukansu kuma ana iya yin wani abu a kansu.

Ka yi abin da maza da yawa suke ƙi, kuma ina yaba maka. Muna ganin matan da suka shekara bakwai, takwas suna zirga-zirga tsakanin asibiti da gidan mai magani, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi hoton ciki ba adadi, an sayar da tumaki da gadon ɗaki, maigidan kuwa ko sau ɗaya bai taka ƙofar labo ba. Alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, matsalar tana da nasaba da namiji, ko shi kaɗai ko shi da matar tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashe masu arziki da matalauta duka. A wurin likitoci, idan an shekara guda ana tare ba tsarin iyali kuma ciki bai samu ba, lokacin bincike ya yi, kuma mutum biyu ake bincika tun ranar farko.

Abin nan da ya ɗaure maka kai shi ne ruɗun da ya fi cinye wa mutane shekaru. Miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne da jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ruwan da ke fita kuwa, mafi yawansa ba daga ƴaƴan maraina yake zuwa ba. Kusan kashi biyu cikin uku daga wasu ƴan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, mafi yawan sauran daga furostat, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsara. Ƙwayoyin da ke haɗuwa da ƙwan mace su zama ciki ɗan ƙanƙanin kaso ne na wannan ruwa, kuma ido ba ya ganinsu. Shi ya sa mutum zai zama ƙaƙƙarfa, ruwansa fari mai kauri, a ɗiga shi a ƙarƙashin madubin labo a tarar ko ƙwaya ɗaya babu. Wani kuma kullum yana kukan ruwansa ya tsinke ko yana saurin kawowa, ga ƴaƴansa goma a tsakar gida. Manomi ya san irin gero yana iya yin kyau a tafin hannu, a shuka shi bayan ruwan farko ya ƙi tsirowa. Ƙarfi a shimfiɗa ba ya ba da shaida a kan haihuwa, rashin haihuwa kuma ba ya rage wa namiji komai a mazantakarsa.

Yanzu ɗauko takardarka mu duba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021 ya sa iyakar ƙasa kamar haka: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 a fita guda, masu motsi gaba ɗaya kashi 42 cikin ɗari, masu tafiya gaba sosai kashi 30, masu cikakkiyar siffa kashi 4. Wasu labo har yanzu da ma'aunin 2010 suke aiki, mai miliyan 15 da kashi 40, bambancin ba shi da yawa. Naka miliyan 9 da kashi 25 duka suna ƙasa, don haka mai yiwuwa ka ga an rubuta oligospermie da asthénospermie a ƙasan takarda, wato ƙarancin yawa da raunin motsi. Kalmar da ke nufin babu ƙwaya sam ita ce azoospermie, kuma ba ita ce taka ba.

Ka san yadda aka samo waɗannan lambobi, don sanin yana rage tsoro. An auna mazan da matansu suka samu ciki cikin shekara guda, aka ja layi a inda kashi 5 cikin ɗari na can ƙasa suka tsaya. Wato a cikin mazan da suka haihu ma akwai waɗanda ba su kai wannan layi ba. Layin ba katanga ba ne tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa. Yana nuna cewa damar samun ciki a kowane wata ta ragu. Abin da ni nake fara lissafawa shi ne jimillar ƙwayoyi masu motsi a fita guda. Idan, misali, ruwanka mililita 3 ne, kana da miliyan 27, rubu'insu masu motsi, kusan miliyan 7 ke nan. Da irin wannan adadi ciki yana iya samuwa ta hanyar da aka saba, sai dai yana ɗaukar lokaci, kuma duk ɗan gyaran da aka samu yana da tasiri.

Sai dai awo ɗaya ba a yanke hukunci da shi. Maniyyin mutum guda yana hawa yana sauka daga mako zuwa mako. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala a cikin ƴaƴan maraina, sannan ta yi kusan mako biyu a hanya tana nuna. Ma'ana, abin da aka gani a labo yau labarin jikinka ne na wata uku da suka wuce. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu saboda zazzaɓin cizon sauro. Mutumin da masassara ta kwantar a watan Satumba, jikinsa ya yi zafi kwana uku ko huɗu, idan ya je awo a Oktoba ko Nuwamba takardarsa za ta iya fitowa da muni fiye da hakikanin halinsa. Ka tuna baya: ka yi zazzaɓi mai zafi a watanni ukun da suka gabaci awonka? Ko ka yi ko ba ka yi ba, a sake awon bayan kamar wata uku, kuma a labo ɗaya idan zai yiwu.

Yadda aka tara ruwan ma yana ɓata sakamako, kuma saboda kunya ba a cika yi wa mutane bayani ba. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin awo, kada ya gaza kada ya wuce. A karɓi kwalbar labo, ba kwalbar magani da aka wanke a gida ba. Duk ruwan ya shiga ciki, musamman na farkon fita, domin nan ne ƙwayoyi suka fi yawa. Idan ya zube, a faɗa wa mai awo. Kwaroron roba na kanti ba ya yi, yana kashe ƙwayoyin. A kai shi labo cikin awa guda, a aljihun riga kusa da jiki. Kada a bar shi a rana ko kusa da injin babur, kada kuma a sa shi cikin ƙanƙara. Motsi shi ne abu na farko da ke lalacewa idan an yi jinkiri ko zafi ya buge shi, don haka kashi 25 ɗin nan naka ina son in gan shi a karo na biyu kafin in gaskata shi. Wasu mazan abin da ke hana su awo shi ne tambayar addini a kan yadda za a fitar da ruwan. Iyalinka za ta iya taimaka maka, kuma malaman fiƙihu suna da bayani a kan lalurar neman magani. Ka tambayi malamin da ka amince da shi kai tsaye, kada ka bar kunya ta yanke maka hukunci.

Mu koma kan allura. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da ake kira hipofiz. Shi ke sakin sinadarai biyu cikin jini, FSH da LH. LH ke umartar ƴaƴan maraina su yi testosterone, FSH kuma tare da wannan testosterone ɗin su ke sa a yi ƙwayoyin maniyyi. Testosterone da ke cikin ƴaƴan maraina kansu ta ninka ta cikin jini sau hamsin ko fiye, kuma wannan mai yawan ta ciki ita ƙwayoyin ke bukata. Ƙwaƙwalwa kullum tana auna ta cikin jini. Da zarar an tsira allura, sai ta ga jini ya cika, ta daina sakin FSH da LH. Ƴaƴan maraina su daina aikinsu, ta ciki ta faɗi warwas, ƙwayoyi su daina fitowa. Mutum zai ji ƙarfi, sha'awa ta ƙaru, ƙwanji ya fito, ya ɗauka magani yana aiki, alhali maniyyinsa yana komawa ruwa zalla. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wannan ba hasashe ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gwada allurar testosterone ta mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka buga sakamakon a 1990: kusan kashi biyu cikin uku na mazan sun koma ba ƙwaya ko ɗaya cikin wata shida. Bayan an daina, mafi yawan mutane suna farfaɗowa cikin wata 6 zuwa 12, wasu sai sun kai shekara 2, wanda kuma ya daɗe yana yi da yawa ko dama can yana da rauni, ba lallai ya koma yadda yake ba. Ina faɗin wannan har ga samarinmu masu ɗaga ƙarfe a fada, waɗanda ake kawo wa allurai da ƙwayoyin gina jiki: danginsu ɗaya, aikinsu ɗaya, kuma ranar da za su gane illar sai bayan aure.

Idan da gaske sinadaran jikinka sun yi ƙasa, jini ne zai nuna. Ana ɗibarsa da safe, kafin ƙarfe 10 ko 11, domin testosterone da safe take kaiwa ƙololuwa, a auna ta tare da FSH da LH, wani lokaci da prolactine, wani sinadarin da hipofiz ke saki. FSH mai yawa yana nuna ƴaƴan maraina ne suka gaza, ƙwaƙwalwa tana ta turo umarni ba amsa. FSH da LH da suka yi ƙasa tare suna nuna daga sama ne saƙo ba ya zuwa, kuma wannan yana cikin nau'in da ya fi jin magani. Magungunan da ake bayarwa a nan, irin su allurar hCG ko clomifène, tayar da ƴaƴan maraina suke yi su yi aikinsu da kansu. Likitan da ya ga sakamako shi ke rubuta su, ba a saye a gwada.

Na gode da ka faɗi gaskiya a kan tramol, domin a duk abin da ka lissafa shi ne wanda gyaransa yake hannunka. Tramadol dangin opiyom ne, kuma duk wannan dangi suna danne saƙon nan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Wanda ya daɗe yana sha, LH da testosterone ɗinsa suna raguwa, yawan ƙwayoyi da motsinsu su bi baya. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a wuce 400 a yini. Waɗanda ke yawo a gari kuwa akwai masu 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Na san dalilin sha: wuni a kan babur daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam, rana a ka, baya yana ciwo, ga kuɗin mai babur da za a kai da yamma. Wasu kuma don jinkirta kawowa suke sha, daga baya ya kashe musu sha'awar gaba ɗaya. Amma idan kullum kake sha, kada ka yanke rana ɗaya. Jiki zai yi ciwo, barci ya ƙaurace, gumi da zawo su zo, mafi yawan mutane a nan suke komawa. A hankali ake ragewa, da taimakon likita. Taba, wiwi da shisha su ma suna rage ingancin maniyyi, idan akwai su a haɗa da su.

Fitsarin jinin da ka yi kana yaro tsargiya ce kusan tabbas, kuma ina son ka ɗauke ta da muhimmanci fiye da yadda aka ɗauke ta a lokacin. A ƙauyukanmu da yawa ana ganin jinin nan kamar alamar yaro ya fara girma, ba a ma kiransa ciwo. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi a cikin tabki, ta huda fata lokacin wanka ko kamun kifi ko shayar da dabbobi, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan ba a mafitsara kaɗai suke maƙalewa ba. Suna shiga jakunkunan nan biyu masu yin ruwan maniyyi, suna shiga furostat, wani lokaci har hanyar da ƙwayoyi ke bi daga maraina. Inda suka maƙale sai kumburi, bayan kumburi sai tabo. Alamunta ga babba su ne jini a maniyyi, ko ruwan ya canza launi ya yi gudaji, ko zafi wajen fita, amma sau da yawa ba alama ko ɗaya. Tsayawar jini a fitsari ba ya nufin an warke.

Nijar ta fara rabon maganin tsargiya, praziquantel, ga ƴan makaranta a 2004, amma ba mamaki bai taɓa isowa gare ka ba. A auna fitsarinka, wanda aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita, kuma ka roƙi mai awon maniyyi ya duba ƙwan tsargiya a ciki. Maganin miligiram 40 ne a kan kowane kilo na nauyinka, sha ɗaya, bayan an ci abinci. Yana kashe tsutsa ya kwantar da kumburi, amma tabon da ya riga ya zauna ba ya goge shi, shi ya sa jinkiri ba shi da amfani. Idan iyalinka ma a bakin tabki ta tashi, ita ma a duba ta, domin tsargiya tana taɓa mahaifa da hanyoyin ƙwai.

Akwai tambayoyin da ba ka amsa ba, kuma likita zai yi maka su. Ka taɓa yin ciwon sanyi, mai fitar da mugunya da zafin fitsari? Idan an sha kafso biyu ko uku daga mai tebur, zafi ya lafa aka daina, ƙwayar cutar tana iya hawa ta toshe siririyar hanyar da ke bayan ƴaƴan maraina. Idan an same shi, miji da mata tare ake yi wa magani, mai mata biyu kuma su uku. Ka yi hangum bayan ka balaga, har maraina suka kumbura? An taɓa yi maka aikin gwaiwa ko ƙaba kana ƙarami? Ƴaƴan marainanka duka biyu sun sauko tun haihuwa? Kana da ciwon suga ko sikila? Kowace amsa tana nuna inda za a duba.

Abin da ba a gano shi sai an tsaya gaban likita an cire kunya shi ne varicocèle, wato kumburin jijiyoyin da ke mayar da jini daga maraina. Jini yana taruwa, wurin ya ɗumama, ƙwayoyi su raunana. Ana samunsa ga kimanin kashi 15 cikin ɗari na maza gaba ɗaya, amma ga masu jinkirin haihuwa ya kai kusan kashi 40, kuma galibi a hagu yake. Wani yana jin nauyi ko ɗan ciwo da yamma bayan doguwar tsayuwa, wani ba ya jin komai. A tsaye ake dubawa, a ce ka yi yunƙuri, idan ana shakka a yi ekografi, wato hoton na'ura. Idan hannu yana jinsa kuma maniyyi ya yi rauni kamar naka, ɗan ƙaramin aiki ne ake ɗaure jijiyoyin, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna ganin ci gaba a awo bayan wata 3 zuwa 6. Wanda sai na'ura kaɗai ke ganinsa, ba a cika taɓa shi ba. A ra'ayina duk namijin da aka ba takarda irin taka aka sallame shi ba a duba jikinsa da hannu ba, ba a gama masa aiki ba.

Game da sana'arka, ba zan ce ka bar abin da kake ci da iyalinka da shi ba. Gaskiya ne ƴaƴan maraina suna bukatar sanyin digiri 2 zuwa 3 ƙasa da na jiki, kuma doguwar zama a kan sirdi mai zafi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, ba ta taimaka musu. Amma zafi shi kaɗai ba kasafai yake zama dukan labarin ba. Idan kana jiran fasinja ka sauka ka tsaya a inuwa, ka rufe sirdi idan babur zai zauna a rana, ka bar matsattsen wando na roba ka koma na auduga mai sakewa. Wannan ya isa.

Maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, ka bar kuɗinka a aljihu. Ko ya yi aiki, a kan miƙewa yake yi, kai kuma ba nan matsalarka take ba. Hukumomin kula da magani a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan garin da zumar an cusa musu sildenafil a ɓoye, sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an san adadinsa ba. Ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya, kuma ga mai shan wasu magungunan zuciya yana iya faɗar da jini har ya kashe.

Wani abu mai sauƙi da ake mantawa shi ne lokaci. Ƙwan mace yini ɗaya kawai yake rayuwa bayan ya fito, ƙwayar namiji kuwa tana iya kai kwana 5 a jikinta. Ƙwan yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Kada ka ce za ka tara ruwa na mako biyu don ya yi ƙarfi, tsofaffin ƙwayoyi motsinsu raguwa yake. Saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsawon kwanakin tsarki ta fi. Ina yawan tambayar masu zuwa wurina nawa ne ainihin zamansu a gida, domin wanda ke wata tara a Jado ko Libiya ko Aljeriya ya dawo wata biyu, shekara biyar ɗinsa ba ta kai shekara guda ta zama tare ba. Sannan abubuwan da mata ke matsawa a gaba, da man shafawa iri-iri lokacin saduwa, wasunsu suna kashe motsin ƙwayoyi. A dakatar da su a wannan lokaci.

Maganar Inna kuwa, ƙarin aure halal ne, kuma ba likita ne zai hana ka ko ya sa ka ba. Abin da zan faɗa a matsayina shi ne ba magani ba ne, ba kuma awo ba ne. Ƙwayoyin da ke jikinka ba za su ƙaru don amarya ta shigo ba. Kwana ma rabuwa zai yi, sai ranakun da uwargida ke iya ɗaukar ciki su riƙa faɗawa a ɗakin wata. Abin da muka saba gani shi ne bayan shekara biyu mata biyu ke zaune ba haihuwa, kuɗin da zai isa bincike da magani ya tafi a lefe da biki, sannan a fara zargin asiri tsakanin kishiyoyi. Idan kana son ƙarin aure don wani dalili naka, wannan tsakaninka da Allah ne da aljihunka, amma wadda za ta shigo tana da hakkin sanin abin da takarda ta nuna.

Wadda ta fi kowa hakkin sani ita ce wadda ke gidanka yanzu. Shekara biyar ita ake kallo a wurin suna da biki, ita ake yi wa habaici, wataƙila har an kira ta juya a bayan idonta, ita kuma ta ɗauka laifinta ne. Idan ba ka nuna mata takardar nan ba, ka nuna mata yau. Inna ma ba sai ka karanta mata lambobi ba. Ya isa ka ce likita ya ga abin da za a gyara a wurinka, a ba ku lokaci, a daina ɗora wa yarinyar mutane. Uwa tana jin maganar ɗanta fiye da ta kowa. Suratu Shura, aya ta 49 da 50, ta faɗa mana Allah ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wanda ya so ba haihuwa, kuma ba ta ware mace ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Ka tambaya kuma me ake nufi da cewa iyalinka lafiyarta lau. An tabbatar tana fitar da ƙwai kowane wata? An yi mata hoton da ake zuba ruwa a mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke? Ekografi kaɗai ba ta nuna wannan. Shekarunta ma suna cikin lissafi, domin damar mace tana raguwa sosai bayan 35, don haka binciken ku biyun ya tafi tare.

Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Akwai mazan da ake bincika komai ba a ga sanadi ba, akwai waɗanda matsalarsu tun halitta ce. Ko a nan hanya ba ta ƙare ba. Da ƙwayoyi masu motsi miliyan 5 ko fiye bayan an tace, ana iya sa maniyyin miji kai tsaye a mahaifar matarsa ranar fitar ƙwai. Gaba da wannan akwai haɗa ƙwai da maniyyi a labo, wanda aka fara haihuwa da shi a Ingila a 1978, da dabarar da aka fito da ita a Beljiyam a 1992 ta tsira ƙwaya ɗaya tak a cikin ƙwai, wadda aka yi ta musamman don maza masu ƙaranci. Suna da tsada ƙwarai, sai a manyan birane irin su Abuja da Legas, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Malaman Azhar sun ba da fatawa tun 1980 cewa ya halatta idan maniyyin miji ne da ƙwan matarsa kuma aure yana nan; na wani namiji daban bai halatta ba. Na kawo wannan don ka san akwai shi, amma da sauran tafiya kafin kai ka kai nan.

Ka je sashen likitocin mafitsara, wato urologie, a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Ka tafi da takardar awonka ta farko, da takardun iyalinka, da fakitin duk abin da kake sha, har tramol ɗin da na gargajiya, kada ka rage komai. Idan kafin ranar wani ɗan maraina ya kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ko ka ji ƙulli mai tauri a jikinsa, kada ka jira, na farkon cikin awa 6 ake ceto shi. Idan sakamako na biyu ya fito ka sake rubuto mini, ka haɗa da yawan ruwan da aka rubuta a layin volume, da lambar FSH, da abin da aka gani a fitsari, da kuma ƙwayar tramol nawa kake sha a mako a lokacin.